Daga Masar, da Labarin Farar Hamada

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya gida, ya jikin Inna? Wai da gaske ne an sa ranarka bayan Babbar Sallah? A bakin ƙanenka na ji, kai ko uffan ba ka ce mini ba. Allah ya kai mu, amma da sauran magana tsakaninmu.

Hutun nan muka je Farar Hamada, kusa da garin Farafra a hamadar yammacin Masar, kuma har yau wurin bai bar raina ba. Daga Alƙahira zuwa Bahariya, wani dausayi da ke kan hanya, kusan kilomita 370 ne, daga nan sai motocin da ke iya ratsa yashi. Za ka fara wuce Baƙar Hamada, tuddai lulluɓe da baƙaƙen duwatsu, sai kawai ƙasa ta rikiɗe ta koma fara fat. Alli ne, wallahi, irin wanda malam ke rubutu da shi a allon aji. Na shafa wani dutse, tafina ya yi fari.

Duwatsun tsaye suke ɗaiɗai, kai ƙato, gindi siriri. Iska ce ke kwasar yashi ƙasa-ƙasa tana gurzar gindin, saman kuwa ya tsira. Akwai wani mai siffar kaza a gefen wata ƙatuwar lemar kwaɗi. Kai da ka je Agadas sau ɗaya ka hana mu sakat da labarin Sahara, zo ka ga wannan tukuna.

Abin da ya fi girgiza ni, wurin nan dā ƙasan teku ne. Direbanmu ya durƙusa ya nuna mini ɓawon ƙananan halittun ruwa manne cikin dutse, a inda yau ko ɗigon ruwa babu. Subhanallahi. Da dare sanyi ya sauko, muna shan shayi a bakin wuta, sai ga yanyawa da manyan kunnuwanta tana shawagi kusa da kayan abincinmu.

Amma raina ya ɓaci. Tun 2002 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren da doka ta kare, duk da haka na ga inda wasu suka kankare sunayensu a jikin dutse. Alli ba ya da ƙarfi, abin da aka lalata ba ya komawa.

Af, na ji mai shayin bakin layinku ya sayi babur? In wani zai taho nan, ka aiko mini da kilishi da yaji, don Allah. Ka gaida Baba da kowa da kowa.

Naka har kullum.