Labarin Tiga, zuwa ga abokina da ke Fatakwal

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma ruwan saman garinku? Na ga saƙonka na taya ni murnar cika shekara 40, Allah Ya bar zumunci. Ka tambayi yadda aka yi, to labarin ya fi ƙarfin waya.

Ka san mu ba mu taso da yanka kek ba. Uwargida ce ta ce arba'in ba ta wucewa haka nan, tunda har a Suratul Ahƙaf an ambace ta, an koya wa wanda ya kai ta addu'ar godiya. Sai muka bar yara wajen Hajiya, bayan an sauko daga Juma'a muka ɗauki hanyar Zariya, muka nufi Tiga.

Daga Kura zuwa Kadawa ko'ina kore shar, alhali hunturu ake: tumatir, albasa, alkama. Duk albarkar ruwan Tiga ce, dam ɗin da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun yi layi suna jiran manyan motocin kudu, wataƙila ma wanda kuke miya da shi daga nan ya fito. Manoman dai suna ba ni tausayi, don in kaya ya yi yawa a banza suke sayarwa, wani ma ya ruɓe a gabansu.

Masaukin ƙarami ne, ɗakuna kaɗan, da inuwar mangwaro a tsakar gida. Amma fa mai girkin! Wata dattijuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Asabar bayan sallar asuba ta tura mu bakin ruwa, ta ce mu zaɓo kifi da kanmu. Muka tarar da masunta suna janyo kwalekwale, hannuwansu sun yi fari fat saboda sanyi, karfasa na ta mutsu-mutsu a cikin raga. Inna ta tsattsaga su, ta cusa yajin citta da masoro da kanumfari, ta barbaɗa garin ƙuli, ta gasa a garwashi sannu a hankali. Na san kuna bakin teku, amma kifin da bai taɓa ganin ƙanƙara ba zaƙinsa daban ne.

Da rana dambu ta yi. A gabanmu ta tsinko zogale daga jikin danga, ta haɗa da tsakin masara, ta turara a madambacin ƙasa, ta naɗe bakin tukunyar da tsumma kada tururi ya tsere. Da ta sauke sai ga dakakkiyar gyaɗa da albasa da man gyaɗa mai ƙamshi. Da dare kuma tuwon sabuwar dawa, miyar kuka da zabo, soyayyen man shanu na yawo a sama. Daddawa ce ta riƙe miyar nan, ba tulin dunƙule ba. A ganina nan otal-otal ɗin birni suka yi asara, sun bar abin da ke ba miya asalinta. Wallahi loma ta farko sai da na tuna tuwon marigayiya mahaifiyarka da muke ci a zaure, Allah Ya jiƙanta da rahama.

Bayan isha'i uwargida ta miƙo mini sabuwar hula zanna, muka yi addu'a, kai ma na sa ka a ciki.

Na riga na gaya wa Inna zan dawo da baƙo. In Allah Ya kawo ka hutun babbar sallah, ka taho da amarya, mu je mu huɗu. Ka sanar da ni ranar da wuri don in kama mana ɗaki. Ka gaida mutanen gida, ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
abokinka na Kano.