Zobban Wuyan Keke

Zariya,
Daren Laraba.

Mutumina Dogo,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zafin Legas? Wata huɗu ba waya ba saƙo, sai ka ce ni ne mai bin ka bashi. Na gaji da jiran ka fara, kuma akwai abin da nake son tambayarka.

Amma tukuna. Ka san tun da aka cire tallafin mai a 2023 mashin ɗina yake jingine a zaure, kaji na kwana a kai. To na sayi keke ɗan gwanjo, mai giya, shi nake hawa zuwa Samaru. Kada ka yi dariya, kai da ko Raleigh ɗin Baba sai an riƙe maka sirdi.

A wuyan keken, ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da kan, akwai zobba uku na alminiyon, biyu masu kaurin milimita 10, ɗaya 5. Autanmu ya ce ado ne kawai, wai 'yan tsere kan kekensu ƙasa-ƙasa yake. Ni kuma da furfurata na biye masa, muka zare su duka. Ranar Asabar ina gangara na matse birkin gaba, sai na ji ƙwas-ƙwas, kan yana rawa a hannuna. Wallahi saura ƙiris in kwanta cikin kwandon mai tumatir. Na ɗaure kusar sama har alanki ya ci mini tafin hannu, rawar tana nan.

Tsohon nan mai gyara na bakin kasuwa ne ya warware mini, bayan ya gama kallona sama da ƙasa. Kekunan da muka tashi da su, bututun fok ɗinsu, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, yana da zare, noti ke ɗaure shi, shi ya sa ba mu san waɗannan zobban ba. Irin nawa na yanzu kuwa bututun sumul yake. Murfin sama ke danna ƙarfen wuya mai riƙe da kan, shi ya danna zobba, su kuma su matse boris. Da na cire su sai bututun ya leƙo sama, murfin ya zauna a kansa, bai taɓa komai ba. Ashe ƙarfe nake ta matse wa ƙarfe. Dole bakin bututun ya nutse kamar milimita 3 ƙasa da inda murfin zai zauna.

Wato ba lallai zobban su zauna a ƙasa ba. In kana son kan ya sauka, ka mayar da su sama, a rufe a kansu. Ko a yanke bututun, to sannan ka rabu da su. Auta har ya ɗauko zarto, tsohon ya ce abin da zarto ya ci ba ya amai. Gara da na ji maganarsa, don kwana biyar da kan keken a ƙasa bayana ya ce bai yarda ba, ruku'u ma da ƙyar. Yanzu biyu na ƙasa, ƙaramin na sama.

Af, Alhajin layinmu ya ƙara aure, kuma ita ɗin ce da kake zato. Uwargidansa ta tafi Funtuwa “gaida mara lafiya”, yau sati uku. Bango kuwa har yanzu bai gyara ba.

In ka taɓa naka ɗan keken na yara, in irin nawa ne, fara sassauta kusoshi biyun da ke gefen ƙarfen wuya, ka ɗaure murfin kaɗan-kaɗan, sannan ka koma gefe. Matse birkin gaba ka jijjiga, in ba ƙwas-ƙwas shi ke nan. Ni da baya-baya na yi ta yi.

Tambayar tawa kuwa ta shige mini, ina jin kan takardun filin nan ne. In ta faɗo zan kira, ka dai ɗauka. Maman yara na gaida amarya, ta ce har yanzu tana jiran atamfar.

Naka,
Mai keken Samaru