Takardun haƙƙin ƙirƙira da suka ƙare taska ce ga masu gyaran lantarki na Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin hukumomin koyar da sana'o'i da malaman fasaha a kan wata dukiya da take ajiye a fili, kyauta, amma matasanmu masu gyaran rediyo da amfili da inbata ba su san da ita ba. Dukiyar ita ce takardun haƙƙin ƙirƙira na da'irorin lantarki irin na analojik, wato da'irorin da suke aiki da wuta mai hawa da sauka a hankali kamar yadda murya ko zafin rana suke canzawa, saɓanin na kwamfuta da suke lissafi da sifiri da ɗaya.

Mutane da yawa suna ɗaukar takardar haƙƙin ƙirƙira a matsayin makulli da ake garƙame ilimi da shi, alhali kuwa yarjejeniya ce mai fuska biyu. Hukuma tana ba mai ƙirƙira ikon hana wasu ƙera abinsa ko sayar da shi na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa, shi kuma dole ne ya bayyana yadda abin yake aiki, da zane da bayani, ta yadda duk wanda ya san sana'ar zai iya ƙera shi. Idan wa'adin ya cika, ƙirƙirar ta zama ta kowa. Haka kuma takardar ba ta da ƙarfi sai a ƙasar da aka yi mata rajista, saboda haka abin da aka kare a Amurka kaɗai ba ya ɗaure hannun maƙerin da yake aiki a Zinder yana sayarwa a kasuwanninmu. Kusan dukkan da'irorin da suke cikin kayan da ake kawo mana gyara wa'adinsu ya ƙare tun da daɗewa.

Misali na farko shi ne amfilin da ake ɗaurawa a masallatai da wuraren biki. Abin da ya sa murya take fita daga cikinsa ba tare da ta gurɓace ba, dabara ce da injiniya Harold Black na ɗakunan binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka ya gano a 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson kan hanyarsa ta zuwa aiki, har ya zana ta a kan shafin jaridar da take hannunsa. Matsalar da ta dame shi ita ce ta wayar tarho mai dogon zango, inda murya take ratsa amfili bayan amfili, kowane yana ƙara mata nasa gurɓatar har ta isa ba a gane ta. Shi sai ya ce a ɗebi wani kaso na abin da ya fito daga amfili a mayar da shi mashiga a juye, domin ya rage daga abin da yake shigowa. Ƙarfin amfilin zai ragu, amma kuskurensa zai ragu tare da shi, kuma aikinsa zai daina dogara da halin kowace fitilar rediyo (kwalbar gilas da take ƙara ƙarfin murya a tsofaffin rediyo) ko tiranzisto, ya koma dogara da ƴan rezistoci guda biyu masu arha. Ofishin rajista na Amurka ya daɗe yana shakkar wannan magana, domin a ganinsu babu hankali a rage ƙarfin abin da aka ƙera don ƙara ƙarfi, sai a 1937 aka ba shi takardar, bayan shekara tara da shigar da ita. Duk yaron da ya fahimci wannan takarda guda ɗaya zai gane dalilin da ya sa amfili yake kuka ko yake ɗaukar zafi idan aka canza rezistar da ba ta dace ba, kuma zai daina gyara da lalube.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, domin ya shafi zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana wuce digiri 40, cikin akwatin ƙarfe na inbata kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Tiranziston silikon yana da wata ɗabi'a: wutar da take tsakanin biyu daga cikin ƙafafunsa uku tana raguwa da kimanin milibolt 2 a duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru. Wannan ya sa na'urar cajin batiri da aka daidaita da sanyin safiya take iya kaucewa da azahar, ta cika batiri fiye da kima har ruwansa ya ƙafe. A farkon shekarun 1970 Robert Widlar da Robert Dobkin suka sami takarda a kan da'irar da take haɗa wutar da zafi yake ragewa da wata wadda zafi yake ƙarawa, su soke juna, a sami kusan bolt 1.2 wanda ba ya motsi ko da rana ko da dare. Paul Brokaw ya fito da tasa ingantacciyar hanyar a 1974. Wannan dabara ce take cikin guntayen daidaita wuta masu lamba LM317 da TL431 da masu gyaranmu suke saye kullum a Kasuwar Dole ba tare da an taɓa faɗa musu abin da yake cikinsu ba. A garin da gidaje da shaguna da yawa suka koma ga allon hasken rana, kuma batiri ɗaya yake cin kuɗin da magidanci zai yi watanni yana tarawa, sanin wannan da'ira ya zama wajibi.

Na ga yadda matasanmu suke fama. Yaro zai zauna a rumfa da allon inbata da ya ƙone a gabansa, ya ɗaga shi ga hasken rana yana bin layukan tagulla ɗaya bayan ɗaya da fensir, yana kwafa a bayan kwalin sigari, ya zo kan guntun da ya fi muhimmanci ya tarar masu ƙera shi sun goge lambarsa da gangan. Yini guda zai tafi a kan abin da wani injiniya ya zana a fili, ya yi bayaninsa layi-layi, shekara hamsin da suka wuce. Basira ba ta yi wa waɗannan yara ƙaranci ba, abin da suka rasa shi ne wanda zai nuna musu ƙofar. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai yana da rumbu a intanet mai suna Espacenet da ya ƙunshi takardu sama da miliyan 100, akwai kuma Google Patents da Patentscope na WIPO, hukumar kula da haƙƙin ƙirƙira ta duniya, duk ana shiga da wayar hannu ba tare da biyan ko dala ba. Gaskiya ne yawancinsu da Ingilishi ko Jamusanci ko Japananci aka rubuta su, kuma lauyoyi sun cika su da maganganu masu nauyi, sai dai alamar tiranzisto da ta kondansato iri ɗaya ce a ko'ina, kuma mai gyara yana karanta zane tun kafin ya karanta rubutu.

Don haka nake kira ga Jami'ar André Salifou ta Zinder da cibiyoyin koyar da sana'o'i na jihar da su zaɓi ƴan takardu daga cikin waɗanda wa'adinsu ya ƙare, masu amfani ga aikinmu na yau da kullum, a rubuta bayaninsu da Hausa da Faransanci mai sauƙi, a haɗa da zanen, a kuma gwada ƙera su a aji da dalma da ƙarfen liƙi. A gayyaci iyayen gidan rumfunan gyara su zauna tare da ɗalibai, domin su ne suka san abin da yake ƙonewa da abin da yake jurewa a ƙura da zafinmu.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wato kare abin da namu suka ƙirƙiro. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar haƙƙin ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka da yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai hedkwata a Yawunde, kuma rajista ɗaya a wurinta tana aiki a ƙasashe 17 na ƙungiyar. Ban da cikakkiyar takarda ta shekara 20, akwai ƙaramar rajista ta shekara 10 da aka tanada domin gyare-gyare masu amfani, kuma ita ce ta fi dacewa da irin ayyukan da ake yi a rumfunanmu. Ya kamata maƙeri ya san abu biyu: ya shigar da buƙatarsa kafin ya baje abin a kasuwa, domin abin da kowa ya riga ya gani ba a ɗaukarsa sabo, sannan ya san cewa Najeriya ba ta cikin OAPI, wanda yake nufin duk mai kai kayansa Kano ko Daura sai ya yi wata rajistar a can.

Ba na so matasa su ɗauka cewa takarda kaɗai tana kawo arziki. Edwin Armstrong, wanda ya sami takardun rediyon FM a 1933, ya ƙarar da dukiyarsa da lafiyarsa a kotuna yana kare su, ya rasu a 1954 shari'a ba ta ƙare ba, sai matarsa ce ta ci gaba da ita. Shi kuwa guntun ƙidayar lokaci mai lamba 555 da Hans Camenzind ya tsara a 1971, wanda yake cikin inbatoci da yawa da ake haɗawa a nan garin, ba a yi masa rajista ba sam, kamfanoni suka yi ta kwafarsa har ya cika duniya. Rajista tana da kuɗin shigarwa da kuɗin shekara-shekara, kuma maƙerin da jarinsa bai wuce ƴan jikkuna ba ba zai iya ɗaukarsu shi kaɗai ba. Ina roƙon ma'aikatar da take kula da masana'antu ta riƙa turo jami'anta Zinder lokaci-lokaci su zauna da ƙungiyoyin masu sana'ar hannu, su duba abin da ya cancanci rajista, su taimaka da cike takardu da rage kuɗi, maimakon a ce sai mai gyara ya rufe rumfarsa ya yi tafiyar kilomita kusan 900 zuwa Yamai.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wani malamin koyar da sana'ar lantarki,
Zinder