Gaisuwa daga lambuna na Landan

Mutumina,

Salama a gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ya gida, ya uwargida da yara, ya ƙarfin jikin Baba? Nasan yanzu idonku na sama kuna jiran ruwan farko. Ka yafe min shirun da nayi, lambu ne ya ɗauke ni, kuma labarinsa nake so in baka.

Ka tuna filin lambun nan da nace maka na sa suna a ƙaramar hukuma don a bani haya? Sai bara layi ya zo kaina. Rabin fili ne, kamar murabba'in mita 125, haya ake biya shekara-shekara. Ƙasar Landan kuwa laka ce zalla, in ta sha ruwa ta riƙe maka takalmi kamar danƙo, in ta bushe ta tsattsage kamar fadama a rani. Bara da zumuɗi na dasa tumatur a waje tun Afrilu, ashe bazararsu ba irin tamu bace, rana ta fito da kyau amma cikin dare raɓa ta daskare, da safe na tarar duk sunyi baƙi sun kwanta. Anan sai tsakiyar Mayu ta wuce ake fito da shi. Gaskiya ranar raina ya ɓaci sosai.

Wata tsohuwa mai filin kusa da nawa, 'yar Anglikan ce, ita tace min in bar damuwa da tsiro tukuna in fara ciyar da ƙasar. Toh tun kaka nake tara busasshen ganye da ɓawon dankali da kashin doki, na shimfiɗa kwali akan ciyawa na zuba takin a sama na barshi duk hunturu, ko fartanya ban sa ba. A Maris da na tura hannu sai naji ta fara laushi, ga tana ko'ina. Sai na tuno yadda Baba yake roƙon Fulani su kwana da shanu a gonarku bayan girbi, mu kuma muna ta ƙorafin wari.

Ranar Larabar Toka, wato farkon azumin Kirista, daga coci lambun na wuce kai tsaye, tokar na goshina, an gama faɗa min ni turɓaya ne kuma ga turɓaya zan koma, sai gani durƙushe hannuna cikin ita turɓayar. Na daɗe a haka. Aikin farko da Allah ya ba Adamu a Farawa 2:15 ai shine ya nome gonar ya kuma kiyaye ta, mu noman muka riƙe, kiyayewar ce muke mantawa. Yanzu kusan duk addu'ata ta safe a wurin nake yinta, babu waya babu hayaniya.

Amma abun da yasa na zauna rubuto maka shine Luka 13, misalin itacen ɓauren nan da yayi shekara uku ba 'ya'ya, har mai gonar yace a sare shi. Tun muna Sande Sukul tsoron saran kawai nake ji a labarin. Bana ne na lura da mai kula da gonar, wanda yace a ƙara wa itacen shekara ɗaya, zai yi masa kaftu ya zuba taki. Shi zai durƙusa, shi zai ɗauki warin, kuma ko tabbacin itacen zai yi 'ya'yan bashi da shi. Da ka rubuto min maganar babban yaronka, cewa ya daina zuwa sujada har ka fara tunanin cire hannunka, wannan wurin ne ya faɗo min. Don Allah kar ka cire. Ka ringa zama dashi ko ba wa'azi, ku ci tuwo kwano ɗaya, ka tafi dashi gona. Ni ma duk kwandon takin da na juye sai na kira sunansa gaban Ubangiji.

Dankalin turawa na shuka ranar Juma'ar gicciye kamar yadda tsofaffin nan suka saba, albasa da wake sun fito, latas kuwa katantanwa na cinye min shi da dare. Yakuwa tana cikin gwangwani a bakin taga, ina ta lallaɓa ta.

Ka tambayar min Baba yadda yake amfani da toka da kashin kaji a albasarsa, wanne yake fara zubawa kuma kwana nawa tsakani. Ka gaida mutanen gida da 'yan kwayar coci duka.

Naka har kullum,
Abokinka