Tashin farashin hannun jarin dillali ba shaidar ingancin manhajarsa ba ne

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu da ke Jekadafari a nan Gombe, inda matasa da yawa suka rungumi sayen hannun jari ta wayar salula. Wasunsu na cewa idan farashin hannun jarin kamfanin dillancin da kake hulɗa da shi yana hawa, to ka kwantar da hankalinka, domin alama ce ta cewa na'urorinsa lafiya lau suke. Ni ban yarda da wannan ba, kuma labarin Robinhood, wani kamfanin dillancin hannun jari ta manhajar waya a Amurka, shi ne hujjata.

Ranar Litinin, 2 ga Maris 2020, manhajar kamfanin ta tsaya cak kusan yini guda, a daidai ranar da ma'aunin Dow Jones, mai nuna farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ya tashi da maki sama da 1,200, wato jama'a suna kallon riba da idonsu amma hannunsu a ɗaure. Kamfanin ya ɗora laifin a kan cunkoson da ya fi ƙarfin na'urorinsa, kuma matsalar ta sake dawowa a cikin watan. A Janairun 2021 ya hana sayen hannun jarin GameStop, kamfanin sayar da wasannin bidiyo, na ɗan lokaci, sannan a watan Yuni hukumar FINRA mai sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka ta ɗora wa Robinhood tara da diyya na kusan dala miliyan 70. Duk da haka, da Robinhood ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Yulin 2021, an sayar da hannun jarinsa a kan dala 38. Farashin ya faɗi ƙasa da dala 10 a 2022, lokacin da cinikin ƙananan masu zuba jari ya ja baya, ya kuma haura dala 100 a 2025. Wanda ya mallaki hannun jarin kamfanin yawan ciniki da ribar kamfanin yake dubawa, kuma tarar da aka biya sau ɗaya ba ta hana shi barci, amma wanda ya kasa sayar da kayansa ranar da manhaja ta mutu, shi ne ya san zafin abin.

Na ɗanɗana irin wannan da kaina bara, a wata manhajar da ba zan ambaci sunanta ba. Na so in sayar da ɗan abin da na tara domin biyan kuɗin makarantar yara, na yi ta latsawa tun hantsi har aka tashi daga kasuwa, babu lambar da zan kira mutum ya ɗauka. Washegari farashin ya sauka, abin da na samu kuwa saƙon ban haƙuri ne kawai, wanda ko sunana babu a ciki.

Saboda haka ina kira ga Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Nijeriya, wadda dokar zuba jari ta 2025 ta ƙara wa ƙarfi, da ta wajabta wa kowane dillalin intanet ya riƙa bayyana sau nawa manhajarsa ta tsaya a shekara da tsawon lokacin da ta ɗauka, ya kuma tanadi layin waya da mutum zai ba da umarnin saye ko sayarwa idan na'ura ta ƙi. Ga 'yan majalisarmu ta Jekadafari kuwa, kafin ku zuba ko kwabo, ku tabbatar dillalin yana da rajista da SEC, kuma hannun jarin da kuka saya a kasuwar hannun jarin Nijeriya ta NGX yana rubuce da sunanku a asusun CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan mallakar hannun jari.

Naka,
Wani mai karatu daga Jekadafari, Gombe