Sanarwa ga ƴan rukuni kan maganar dukan yara

Assalamu alaikum iyaye da malamai.

Tun jiya ake ta kai-kawo a nan, wasu na cewa in ba bulala yaro ba ya jin magana. Don Allah mu ɗan tsaya.

Na taɓa ganin wani yaro ɗan aji biyu da aka zane a gida da sassafe saboda ya yar da littafinsa. Ya shigo aji bai ce uffan ba, fensir na rawa a hannunsa. Da aka fita tara, sai ga shi ya ture wani ƙaramin yaro ya kwaɗa masa mari. Abin da aka yi masa ya sauke a kan wanda bai kai shi ƙarfi ba. Har yau abin yana ci mini rai.

A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000. Sun gano cewa yaran da ake duka sun fi yawan faɗa, taurin kai da damuwa. Duka kan sa yaro ya yi tsit nan take, amma tsoro ne kawai, bai koyi abin da ake so ya yi ba. Ƙasar Suwidin ta haramta dukan yara baki ɗaya tun 1979.

Roƙona, duk wanda ake yawan kawo ƙarar ɗansa, ya zauna da shi tukuna. Yana samun isasshen barci? Yana ganin allo sosai? Ko wani ne ke cin zalinsa?

Wanda ya gwada wata hanya ta yi masa aiki ya faɗa mana, amma ban da ambaton sunan yaro ko makaranta.