Yaya, ga amsar tambayar Baba daga Samaru

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya aikin gona, ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai kewar Damagaram.

Ka ce Baba na ta tambaya wai me ya kai ni Zariya alhali ga jami'a nan Zinder, kuma wai noma ne sai an je boko an koyo shi. Don Allah ka karanta masa wannan bayan magariba, a hankali.

Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba 1962 aka buɗe ta, Sardaunan Sakkwato ne ya tsaya kai da fata saboda lokacin Arewa ba ta da tata, sai yaro ya tafi Ibadan ko Ingila. Ta gwamnati ce, ɗan talaka da ɗan sarki benci guda, kuma wallahi a ɗakinmu kaɗai akwai Bayarabe da Tibi da ni ɗan Nijar, kwano ɗaya muke ci.

Amma abin da ya kawo ni ya girmi jami'ar kanta. Tashar binciken noma ta Samaru tun 1922 take, daga baya ta shiga ƙarƙashin jami'a, ita ce IAR. Nan ake fitar da iri, na wake suna ce masa SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, dawa SAMSORG. Satin da ya wuce malaminmu ya kai mu filin gwaji, layi biyu na wake kusa da juna, ƙasa ɗaya ruwa ɗaya, ɗaya ƙuduji ya shanye shi ganyen ya yi rawaya ya tsumbure, ɗayan ko kore shar ya yi ƴaƴa jingim. Na durƙusa na tona gindin da hannuna, sai na tuna gonarmu ta hanyar Mirriya shekarar da muka tashi da ƙyar da ƙwarya biyu, Baba bai ce uffan ba har muka iso gida. Shekaru ake yi ana haɗa iri ana zaɓa kafin a samu irin wannan, farfesa da kansa cikin taɓo.

To ka ce masa ban bar gona ba, wannan aikin nake so in iya. In na zo hutu ta Kwangwalam zan taho da ɗan irin, a ware mini kunya biyar gefen gawon nan mu gwada. A gaida Inna da kyau, kilishin ya iso.

Ƙanenka